Simash a Badminton: Ƙarfin Ba a Damtse Yake Ba

Ƙannena masu buga badminton da yamma a Samaru da Kongo da Sabon Gari da Tudun Wada, abin da ke kashe muku simash, wato dukan da ake gangaro da ƙwallo daga sama da ƙarfi zuwa filin abokin karawa, yana faruwa ne tun kafin raket ya taɓa ƙwallo. Mu da muka riga ku shiga wasan mun daɗe muna neman ƙarfi a damtse, a cije leɓe, a damƙe raket, a kai duka da iya ƙarfi, ƙwallo kuma ta tafi a miƙe ta faɗa hannun abokin karawa. Ba sai kun bi ta nan ba.

Ku fara sanin halin abin da kuke duka. Ƙwallon badminton gashi 16 ne aka kafa a kan ɗan toto, nauyinta tsakanin giram 4.74 da 5.50. Tana barin raket da gudun da ya wuce misali: a 2023, a wani gwaji da aka yi a masana'antar Yonex, kamfanin da ke ƙera kayan badminton, a Japan, Satwiksairaj Rankireddy ɗan Indiya ya buga ta da gudun kilomita 565 a awa. Amma gashin nan birki ne. Cikin 'yan mitoci kaɗan iska ta cinye rabin gudun. Tsawon fili mita 13.40 ne, wato daga layin baya zuwa raga mita 6.70. In ka kai simash daga can ƙarshen layi, kafin ƙwallo ta isa ga mai tsaro ta riga ta huce, zai tare ta hankali kwance ya ajiye maka a bakin raga, kai kuma kana can baya kana neman numfashi. Simash na gaske na ƙwallon da ta zo gajeriya ne, wadda ba ta kai layin sabis na baya na wasan bibbiyu ba, layin nan da ke santimita 76 kafin ƙarshen fili. Wadda ta wuce nan, mayar da ita sama can baya, ko ka sake ta a hankali bakin raga, ka jira wata.

Sai tsayi. Raga mita 1.55 ce a jikin sanduna, 1.524 a tsakiya. Mutum matsakaicin tsayi in ya miƙa hannu da raket yana kaiwa kusan mita biyu da rabi, wato yana da kusan mita guda a saman raga da zai gangaro da ƙwallo. In ya bari ta sauko daidai goshinsa, abin da ya rage masa bai kai rabin haka ba. Daga nan ko dai ta ci raga, ko ta tafi a kwance daidai ƙirjin abokin karawa. Ba ƙarfin da zai gyara wannan. Shi ya sa aikin farko na ƙafa ne.

Da zarar abokin karawa zai buga, yi ɗan tsalle ƙarami ka sauka a kan ƙafa biyu a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ka ga ƙwallo ta tashi sama, juya gefe nan take: ƙafar dama ta koma baya, kafaɗar hagu ta fuskanci raga. In kai bahago ne, juya maganar: inda na ce dama ka ɗauka hagu. Kada ka ja da baya kana fuskantar raga da ƙirji, domin tafiyar ba ta sauri, kuma da haka ake faɗuwa ta ƙeya. Tafi da gefe, ƙafa na korar ƙafa, har ka wuce inda ƙwallon za ta sauka. Ga gwajin da ba ya ƙarya: wani ya ɗaga maka, ka je ka tsaya kamar za ka buga, amma kada ka buga, bar ta ta faɗo. In ta sauka a kanka ko a bayanka, ka makara. Inda ake so ta sauka shi ne kamar taku ɗaya a gabanka, ta ɓangaren hannun da ke riƙe da raket. Yi wannan sau ashirin kafin ka fara wasa. Za ka sha mamakin yawan waɗanda za su sauka maka a ka.

Riƙon raket shi ne inda aka fi lalacewa, kuma shi ya fi wuyar gyara in hannu ya saba. Yawancin masu koyo suna ɗaukar raket daga ƙasa yadda yake kwance, fuskarsa na kallon raga, tafin hannu a bayan faffaɗan gefen mariƙi. Da wannan riƙon ana saurin samun ƙwallo a ranar farko, shi ya sa yake yaudara. Amma yana tilasta maka fuskantar raga da ƙirji, yana hana ka kaiwa sama sosai, kuma yana kulle murɗawar hannu wadda ita ce tushen gudun. Riƙon daidai shi ne ka tsayar da raket a kan gefensa, fuskokinsa biyu na kallon hagu da dama, sannan ka miƙa hannu ka kama mariƙin yadda ake musabaha. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta hau saman mariƙin. Bar ɗan fili tsakanin manuni da yatsan tsakiya, kuma kama can ƙasa kusa da gindi domin raket ya ƙara maka tsawo. Makonni biyu ko uku na farko za ka riƙa kuskuren ƙwallo, waɗanda a da kake cinyewa su fara cinye ka. A daidai nan mutane da yawa ke komawa tsohon riƙo. Daure.

Kuma riƙe shi sako-sako, yadda in abokinka ya fizga zai iya zare shi daga hannunka. Tsokar da ta ƙame ba ta sauri. Matsewa ɗaya ce tak, a daidai lokacin da zaren raket zai taɓa ƙwallo, da yatsu ukun ƙasa, sannan ka sake.

Dukan kansa jifa ne. Duk wanda ya taɓa jifan mangwaro a reshen sama ya san shi: ba ya tsayawa ƙiƙam ya wurga da hannu kawai, yakan juya gefe, ya jingina nauyi a ƙafar baya, ya tura da ita, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, gwiwar hannu ta wuce gaba, dutse ya fita daga ƙarshe. Haka simash yake, kuma jerin nan ba a tsallake shi. Ɗaga hannun hagu sama wajen ƙwallo, domin shi ke daidaita ka, kuma in ka janyo shi ƙasa zuwa haƙarƙari shi ke taimaka wa ƙirji ya juya. Gwiwar hannun dama tana baya, kusan daidai tsayin kafaɗa, ba manne da jiki ba. Ƙugu na fara juyawa, kan raket zai zube bayanka da kansa. Kada ka kai shi can tun da wuri ka tsaya jira, yin haka yana yanke jifan gida biyu, ƙarfin ƙafa ya zube a banza.

Yanzu wurin da ya fi muhimmanci. Za ku ji ana cewa a buga da wuyan hannu. Mun bi wannan maganar, ba ta kai mu ko'ina ba sai ciwo. Lanƙwasa wuyan hannu gaba ƙarfinsa kaɗan ne. Abin da ke ba kan raket gudu shi ne murɗawar kafaɗa da ta sangalin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Gwada ba tare da ƙwallo ba: lokacin da raket ke tasowa daga bayanka, gefensa ne ke gaba kamar zai tsaga iska, tafin hannunka na kallon kunnenka. Dab da saduwa da ƙwallo sai sangalin ya murɗa, tafin hannu ya fuskanci gaba, fuskar raket ta buɗe ta sami ƙwallo sosai. Bayan duka murɗawar ta ci gaba har tafin hannu ya ɗan kalli waje, sannan hannu ya sauko ya ratsa gaban jiki zuwa cinyar hagu, ƙafar dama ta biyo gaba. Wurin saduwar yana sama, ɗan gaban kafaɗar dama, hannu a miƙe amma gwiwar ba a ƙage ba. Kuma kada kan raket ya zama layi ɗaya da hannu. Sai da ɗan kusurwa tsakaninsu murɗawar take da abin kaɗawa.

Kunnenka zai gaya maka gaskiya. Duka mai kyau ƙararsa ɗaya ce, tas, a bushe. In ka ji wani shuu kamar an goga, fuskar raket ba ta gama buɗewa ba, ka yanki ƙwallon ta gefe, rabin ƙarfin ya tafi a juya ta. Yawanci murɗawa ce ta makara, ko riƙo ya karkata zuwa irin wanda ake yi in za a buga ta bayan hannu. In ƙwallo na yawan cin raga, ka bari ta sauko da yawa ko ta yi maka nisa a gaba. In tana fita bayan layi, a ƙarƙashinta kake tsaye. In tana yawan bugun ƙarfen raket, ka ɗauke ido daga kanta kana leƙen inda za ta sauka.

Atisayen ba ya buƙatar kuɗi. Tattara tsofaffin ƙwallaye, ka tsaya gefe a tsakiyar ɓangarenka ka riƙa jefa su da hannu su haye raga, ashirin-ashirin sau uku. Wanda jifansa bai haye ba, simash ɗinsa ma ba zai yi ba. A gida, ɗaura ƙwallo da zare a reshen darbejiya daidai inda tsakiyar raket ke kaiwa in ka miƙe, ka riƙa dukanta a hankali kana sauraron ƙarar. A fili, abokinka ya ɗaga maka goma sha biyu a jere zuwa tsakiya, ka huta minti ɗaya, ku yi zagaye huɗu, da kashi bakwai cikin goma na ƙarfinka kawai. Ajiye kwalin ƙwallo a gefen layi ka nufe shi. Sau biyu a mako ya isa. Sa wani ya ɗauke ka da waya daga gefe, domin abin da kake ji kana yi da abin da kake yi sukan sha bamban ƙwarai. Sannan nemi wasan Anuoluwapo Opeyori, wanda ya wakilci Najeriya a Olamfik na Tokyo da na Paris, ka rage gudun bidiyon, ka bar kallon ƙwallo ka kalli ƙafafunsa.

Inda za ka aika ta ya fi gudunta amfani. A wasan ɗaiɗai, nufi gefen layi, kuma miƙaƙƙe ya fi na tsallake aminci, domin hanyarsa gajeriya ce kuma ba ya barin filinka a buɗe. A wasan bibbiyu, tsakanin mutum biyun, ko ƙugun mai tsaro ta ɓangaren raket ɗinsa, inda hannu ke rasa yadda zai juya. Kuma simash ba ƙarshen magana ba ne. Sa a ranka za a dawo da ita, yawanci gajeriya bakin raga. Ƙafar daman da ta biyo gaba ita ce takunka na farko zuwa can.

Game da kaya, kada tsadar raket ta ruɗe ku. Mai alamar 4U, giram 80 zuwa 84, ya wadaci yawancinku. 3U, giram 85 zuwa 89, yana son hannun da ya ƙware. Ɗaurin zare ne ya fi cutar da matasa. Sun ji manyan 'yan wasa na ɗaurawa fam 28 zuwa 30 ko fiye (fam shi ne ma'aunin taurin ɗaurin), sai su ce wa mai ɗauri ya yi musu haka. Zare mai tauri wurin daɗinsa, wato inda ƙwallo ke tashi da kyau in ta same shi, ƙarami ne, kuma sai hannu mai tsananin sauri yake iya lotsa shi. A hannun mai koyo ƙwallo ba ta tafiya, girgizar kuma gwiwar hannu take komawa. Tsaya tsakanin fam 20 da 24.

Hunturun Zariya ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, gashin ƙwallo yakan yi ƙamas, simash biyu uku ya karye. Daren da za a yi wasa washegari, buɗe kwalin ƙwallayen ta baki biyu, ka kara shi a kan tururin ruwan zafi kamar daƙiƙa ashirin zuwa talatin, ka rufe ya kwana. Tururi ake so, kada toton ya jiƙe. In atisayen simash zalla za ku yi, ƙwallon roba ta fi sauƙin aljihu, ko da yake tashinta ya ɗan bambanta. Ƙura kuma tana mayar da daɓe santsi, kuma wanda bai amince da ƙasa ba, ba zai tura da ƙafar baya ba. Share filin, ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe kana taka shi tsakanin maki.

Simash na tsalle ku ajiye shi tukuna. Na san shi ke jan ido. Amfaninsa ƙara tsayi ne domin ƙwallo ta gangaro sosai, amma yana ninka wahalar kama lokaci, kuma a kan daɓen siminti, inda da yawa daga cikinmu ke wasa, gwiwa da idon sawu ne ke biya. Sai in kana iya saukar da takwas cikin goma a inda ka nufa kana ƙasa, sannan ka fara da ƙaramin tsalle mai musanya ƙafa a sama, ka tashi da dama ka sauka da hagu a baya.

Kada simash ya zama dukanka na farko a fili. Minti goma na ɗumama jiki, gudu kaɗan, juya kafaɗa, sannan ɗaga ƙwallo sama baya da baya har zufa ta fito. Sami robar motsa jiki ka ɗaura a ƙofa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka riƙa jan ta waje sau goma sha biyar, zagaye uku, domin ƙananan tsokokin bayan kafaɗa su ne birkin hannu bayan duka. Gajiyar tsoka da ke wucewa cikin kwana biyu ba komai ba ce. Amma zogi mai suka a saman kafaɗa in ka ɗaga hannu, ko a bayan gwiwar hannu in ka ɗauki buta, alama ce ta dakatawa. Bar simash, sassauta zare, duba riƙonka, in kuma ya wuce mako biyu bai lafa ba, je ka ga likitan ƙashi ko mai gashin jiki na asibiti.