Shuɗiyar Igiyar da Ta Ci Min Akuya

Har yau in na ga shuɗiyar igiyar nailan a shagon kayan gini sai raina ya sosu. Riyal arba'in da biyar na saye ta, ita kuma ta kunyata ni a gaban kawuna da maƙwabtansa.

Zuwan da na yi garin Al'ula na Saudiyya a 2022 ne ya ja min, lokacin baje kolin ayyukan fasaha a cikin hamada mai suna Desert X karo na biyu. Daga nan Madina zuwa can tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. Abin da ya tsaya min a rai shi ne aikin wani Ba'amurke, Jim Denevan: tulin yashi birjik an jera su da'ira cikin da'ira, aka bar wa iska ta shafe su a hankali. Dama na sha kallon hotunan aikin Zahrah Al Ghamdi na 2020, wadda ta jera dubban gwangwanayen dabino a ƙasa suna ƙyalli kamar rafi. Na ce to, ni da na tashi ina ganin kakata tana saƙa faifai da tabarma a tsakar gida, me zai hana ni ma in yi irin wannan aiki?

Kawu yana kula da wata gonar dabino a bayan gari. In an gama yankan dabino, rassan da ake sarewa tuli ne, sai na roƙe shi ya bar min. Bukkoki bakwai na shirya yi a cikin busasshen wadi, wato kwarin rafi, da ke bayan gonar, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta, kamar ayari ya yada zango. Kakanninmu nake tunawa, waɗanda suka taso daga Kano a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye teku daga Suwakin. Lanƙwasa rassa ba wani abu ba ne, jiƙa su kwana ɗaya ya isa.

Wajen ɗauri na kwafsa. Kawu ya nuna min lif, wato zaren da ke naɗe jikin bishiyar dabino, ya ce, "Ɗana, ga lif nan a jikin kowace bishiya, murza igiyarka." Na gwada yini guda, tafin hannuna ya saɓule, igiyar da na samu ko kamu goma ba ta kai ba. Na ce a raina wannan aikin masu lokaci ne, na shiga gari na sayo nailan. Har yaba wa kaina na yi, wai shuɗin ya fito da launin rassan a hoto.

A ƙarshen Nuwamba ruwa ya sauka da dare, wadi ya kawo. Da safe babu bukka ko ɗaya. Wallahi wannan bai dame ni ba, domin tun farko abin da nake faɗa wa abokai ke nan, aikin ƙasa ne, ƙasa za ta karɓi abinta. Rassan kam ta karɓa. Nailan ɗin ne ta ƙi. Wata biyu yana shan ranar Madina, ya riga ya yi rauni, da ruwa ya fizge shi sai ya warware zare-zare, ya maƙale a ƙayoyi da ƙasan duwatsu har inda ido ya ƙare.

Bayan kamar mako biyu akuyar wani maƙwabcin Kawu ta daina cin abinci, ciki ya kumbura. Suka yanka ta kafin ta mutu. A cikin tumbinta aka ciro dunƙulen zare shuɗi kamar girman lemon tsami, ya cukurkuɗe da ciyawa. Kawu ya kawo min shi a kan ganye, ya ajiye a gabana, ya ce, "Mai kare muhalli, ga aikinka." Bai ƙara ko kalma ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na biya kuɗin akuya. Kwana tara na yi ina bin wadi da buhu ina tsintar zare, kuma na san ban tsince duka ba. Abin da ke ƙara ba ni haushi, ni ne mai yi wa mutane wa'azin leda a Instagram.

Duk mai son yin irin wannan aiki a fili, ya ɗauki kowane abu da zai kai wurin ya tambayi kansa: in dabba ta haɗiye wannan, me zai faru? Igiya, gam, fenti, har ƙusa. Kuma ya tsaya inda zai yi ginin ya duba ina ruwa ke bi, domin lallausan yashin nan da ya burge ni, ruwa ne ya shimfiɗa shi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ya koma ya kwashe.

Yanzu bayan la'asar nakan zauna kusa da Kawu ina murza lif. Ashe jiƙa shi ake yi tukuna, abin da bai faɗa min ba a karon farko domin ban tsaya na tambaya ba. Jiya na auna, kamu saba'in. Ina neman ɗari uku kafin yankan dabino mai zuwa. Dunƙulen nan kuwa Kawu ya rataye shi a ƙofar ɗakin ajiya, na roƙe shi sau biyu ya cire, ya ƙi.