Tan ɗaya, rodi 112

Shekarar da Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, 1980, ina makarantar koyon injiniya, kuma duk ɗan ajinmu mafarkinsa ƙarfe. Tsarin lokacin ya burge mu: Aladja ta jihar Delta ta yanzu za ta narka ƙarfe ta fitar da dunƙulen da ake kira bilet, a ɗora wa tireloli zuwa Katsina da Jos da Oshogbo, a murza shi ya zama rodi. A ɗaya daga cikin masana'antun nan uku na yi aiki, tun ina riƙe wa wani spana har na kai manajan sashen murza. Na ga bilet ya fito daga tanderu jajur kamar garwashi, zafinsa ya haura digiri 1,000, injina suna miƙa shi hannu-hannu yana sirancewa. Na kuma ga watannin da muka kwashe muna zaune a inuwa, ba abin murzawa.

Da na ajiye aiki na dawo Sakkwato, sai na buɗe wurin sayar da rodi kan hanyar Kalambaina, inda masana'antar siminti take, don duk mai zuwa ɗaukar siminti sai ya bi ta gabana. Na ɗauka wanda ya murza ƙarfe da hannunsa ba mai yi masa wayo. Ashe kasuwa makaranta ce daban.

Ga lissafin da duk mai sana'ar nan ya kamata ya haddace kamar Fatiha. Tsawon rodi mita 12 ne. Mai kauri milimita 12 yana da nauyin kilo 10 da rabi da ɗan ɗoriya, tan ɗaya rodi 93 ko 94 ke nan. Mai 16 kuwa 52 ko 53. To mu da tan muke saro kaya, da ɗai-ɗai muke sayarwa. Nan ramin yake.

Wata rana tirela ta iso mini daga kudu, daga wani kamfani cikin masu narka ƙarfen da 'yan jari-bola ke tarawa. Yara suka sauke, suka ƙirga, kowane tan 112. Yarona har da murna, wai an yi mana gyara. Ni ma, gaskiya, zuciyata ta yi lissafin ribar rodi 18 a kowane tan kafin ta yi lissafin komai. Na sayar kwana uku.

Rana ta huɗu wani tsohon mai ɗaurin rodi ya shigo da guntu a hannu. Ya gaishe ni, ya zauna, ya ce, “Alhaji, wanga ba sha biyu na ba. Shekara talatin nike lanƙwasa shi, hannuna ya san shi.”

Na ce, “Baba, ai ga takardar kamfani.”

Ya ce, “Takarda ka ɗaukar nauyin bene?”

Na yanko mita ɗaya na ɗora kan sikeli. Ya kamata ya kusa giram 890, sai ga shi bai cika 750 ba. Milimita 11 ne aka yi wa suna 12. A ido milimita ɗaya ba komai ba ce, amma kusan kashi ɗaya cikin shida na naman ƙarfen ya tafi, kuma injiniyan da ya zana ginin da cikakke ya yi lissafi.

Abin da ya fi ci mini rai, sikelin nan yana cikin ofishina tun ranar da na buɗe, ƙura ce kawai ke hawansa. Na bi mutum biyar da suka saya. Huɗu na karɓo na musanya musu. Na biyar ya riga ya zuba kankare a ginshiƙan bene a Arkilla, dole muka kira injiniyansa, aka ƙara ginshiƙai biyu da kuɗina.

Yanzu direba ba ya kwance igiya sai an yanko mita ɗaya daga ɗauri uku an auna. Wasu direbobin suna ƙunƙuni, rana na dukansu. Nakan sa a kawo musu fura mai sanyi su jira.