Wasiƙa daga Warso: wa zai yaɓe mana ganuwa?

Zuwa ga 'yan uwana Zazzagawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga Warso, babban birnin ƙasar Folan.

Unguwar da 'yan yawon buɗe ido suka fi tururuwa a nan sunanta Tsohon Gari, amma tsufan a suna ya tsaya. A 1944 sojojin Jamus suka rusa fiye da kashi 85 cikin 100 na wurin. Da yaƙi ya ƙare sai mutanen gari suka tsinto bulo daga ɓaraguzai, suka bi zane-zanen da Bernardo Bellotto ya yi wa birnin a ƙarni na 18, suka sake tayar da shi. A 1980 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, tana sane sarai da cewa sabon gini ne. Mutanen Warso ma ba sa ɓoyewa, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa hoton kufai.

To mu a Zariya fa? Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, tun shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin siminti. Alhamdulillahi, cikinsa na nan da ginshiƙansa da bakan gizonsa, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi. Amma mai son ganin kamanninsa na waje sai ya tafi Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi gininsa. Abin mamaki, Zbigniew Dmochowski, masanin gine-ginen da ya tsaya wa wancan aiki, mutumin Folan ne.

Ni dai ban ɗauki sake gini a matsayin ƙarya ba. Ginin ƙasa da ma haka yake rayuwa: damina ta ci, kaka ta yi a sake yaɓe. Ƙasar da ke jikin soron kakanka ba ita ce ta ranar farko ba, kuma ba wanda ya ce ba soronsa ba ne. Inda nake da ja shi ne a zuba bulo da siminti, a shafa fenti ruwan ƙasa, a ce wa baƙo ga ƙofar kakanninmu.

Roƙona ga masarauta da sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello: idan za a taɓa abin da ya rage na ganuwa, ko a Ƙofar Gayan ko a Ƙofar Kuyambana, a kira dattawan magina da suka san tubali da azara da makuba, a haɗa su da yara masu koyo, a biya su da kyau. Sannan a kafa allo a rubuta shekarar da aka yi gyaran da sunan maginin.

A gaida mutanen Ƙofar Doka.

Naku,
Wani Bazazzagi a Warso