Tedin da nake saƙa wa Ummi

Yau sati uku kenan maganar matar nan ta ƙi barin raina wallahi. Tun da na zo Aberdeen ta ƙasar Birtaniya karatun mastas ban taɓa jin kunya da ɓacin rai irin na ranar ba.

Kaɗaici ne ma ya kai ni wajen. Garin nan a Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, gidajen duk na dutse ruwan toka, ki dawo daga aji ki shiga ɗaki ba mai ce miki sannu da zuwa. Sai na ga wasu tsofaffi na taruwa a laburaren unguwarmu duk Talata suna saƙa suna shan shayi, na ce bari in leƙa tunda saƙa ba baƙuwata ba ce, tun ina sakandare nake yi wa jariran gidanmu hula da safa da shawul da kwarashi. Su da tsinke biyu suke tasu, sati biyu kacal na kama hannu har suna ɗaga aikina suna nuna wa juna, na ji daɗi ba kaɗan ba.

Tedi na ɗauko, 'yar tsanar nan ta yara mai siffar dabba, zaren ulu ruwan ƙasa ƙulli biyu, kai daban jiki daban, hannuwa da ƙafafu a saƙa ɗaya bayan ɗaya sannan a cusa auduga a ɗinke. Ina kan kunne sai ɗaya ta tambaye ni na waye, na ce na 'yata Ummi ne, shekararta biyu da rabi tana Kano wajen mahaifiyata. Kawai ta ajiye saƙarta ta ce kin baro ta? ita kam ba za ta iya ba. Wajen ya yi tsit kowa ya sunkuyar da kai, ni kuma Turancin ya gudu ya bar ni, murmushi kawai na yi.

Sai da na koma ɗaki amsoshi suka yi ta zuwa. Ai gwamnatinsu ce tun Janairun 2024 ta hana masu irin mastas ɗina zuwa da iyali, ba ni na zaɓa ba. Kuma wajen wa na baro ta? Wajen Hajiya fa, inda aka kai ta yaye, inda ni ma na tashi, ga ƙannena ga 'ya'yan Yaya gida cike. Mu a wajenmu yaro a hannun kaka ai gata ne. Amma dai na yi kuka daren nan har kaina ya yi ciwo, don kwana ɗaya kafin nan ma da na kira bidiyo leƙowa kawai Ummi ta yi ta gudu bayan Hajiya, sai da aka ce zo ki gaida Mami sannan ta fito. Hajiya ta ce kada in sa a raina, tana cin abinci sosai, har ta iya cewa tuwo.

Ban koma laburaren ba tukuna, a ɗaki nake ƙarasawa. Ido kawai ya rage, da baƙin zare zan ɗinka ba maɓalli ba don komai ta samu baki take kaiwa. Akwai wata 'yar Zariya da za ta gida hutu, ta ce in kawo kafin ta rufe akwati.