Kuɗin jirgi daban, kuɗin inji daban

Kwale-kwalen marigayi mahaifinmu ne, na katako, aikin masassaƙan Yawuri, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 a bayansa. Yashi yake ɗiba da shi a Kogin Kaduna. Da aka zo rabon gado sai aka ɗora mini sayar da shi, kuma akwai ƙannenmu ƙanana a cikin magada, don haka ba abin da zan yi wa sakaci ba ne.

Dillalin da ya fara zuwa ya zagaya jirgin, ya soka yatsa a inda katako ya ruɓe ta wajen gindi, ya ce, "Malam, nawa Baba ya saya? Cire rabi, mu yi albarka." Jirgi da inji ya haɗa a kuɗi ɗaya. Har yanzu raina na ɓaci idan na tuna, domin ya san abin da yake yi sarai.

Bakaniken da ke duba wa Baba injin ne ya ce kada in kuskura in sallama. Tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024, kuma injin nan daga waje ake shigo da shi. Na bincika kuɗin sabo a ranar, sai ga shi tsohon injinmu ya fi kuɗin da Baba ya saye shi sabo fil. Ga kuma cire tallafin fetur da ya sa masu aikin ruwa suke neman mai doki 15 ido rufe, saboda bai kai mai doki 40 shan mai ba. Shi ya sa dillalin ya manne wa ruɓaɓɓen katako, bai ko kalli injin ba.

Duk mai sayar da jirgi ya raba kuɗin biyu. Katako kullum faɗuwa yake yi, wannan a yarda da shi, a kuma nuna wa mai saye duk inda aka toshe da kwalta, kada a ɓoye. Amma inji, daga farashin sabo na yau ake fara lissafi, sannan a cire gyaran da ake gani da ido. Namu farfela ce ta ɗan lanƙwashe, na cire kuɗinta da bakina.

La'adar dillali ma a yanke ta tun kafin ya kawo kowa.

Wani mai kamun kifi daga Dam ɗin Kangimi ne ya saya. Na sa ya taɓa injin ya ji shi da sanyi, sannan ya ja igiya da hannunsa, ya tashi. Ya kwance mashigin man giya ya ga bai yi fari kamar madara ba, alamar ruwa bai shiga ba. Kuɗin injin kaɗai ya wuce abin da dillalin ya taya jirgin gaba ɗaya.