Gudu kaɗai ba ya sa a jefo maka ƙwallo

Tun da bidiyon ƙwallon Amurka ya fara yawo a wayoyinmu, ƙannena da yawa sun kamu da son matsayi guda, wato na ɗan wasan nan da ke tsayawa can gefen fili, ya ɓalle da gudu, ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a sama. Na buga wannan matsayi na mai karɓar ƙwallo a wata ƙaramar jami'a a Amurka, lokacin da karatu ya kai ni can. Ban kai ko kusa da NFL ba, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, kuma na san abin da ya tsayar da ni. Ku ba ni aron hankalinku, musamman ku da ba a taɓa tsere muku a filin makaranta ba.

Abin da bidiyo ba ya nuna muku shi ne, mai jefa ƙwallo yana da kamar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ƙartin ɗaya ɓangaren su danne shi. Ba shi da lokacin jiran ka juyo ka ɗaga masa hannu. Yakan saki ƙwallon tun kana ba shi baya, ya aika ta wurin da aka yi da kai za ka kasance. Idan an ce ka yi yadi goma sha biyu ka karya waje, sai kai kuma ka karya a yadi goma, ko ka karya ciki, ƙwallon za ta faɗa hannun mai tsaronka ne. Sana'ar gaba ɗaya a kan amana take zaune: ya yarda za ka kasance a wurin, a kan lokaci, kowane karo.

Ni da ƙafata na je. Tun ina sakandare a gida ake sa ni tseren mita ɗari, da na isa can kuma aka auna ni a yadi arba'in, kociyoyi suka yi ta murna. Wannan murnar ce ta rufe min ido. Aka ba ni littafin dabarun ƙungiya, mai kauri, cike da zane da sunaye da lambobi, na ajiye shi a kan tebur ina ganin ai duk abin da zane zai yi ƙafa za ta yi. A ɗakin nazarin bidiyo kocinmu yana magana da sauri, da irin Turancinsu na 'yan wasa da ban saba ji ba. In ya gama ya ce ko akwai mai tambaya, sai in gyaɗa kai kamar na gane. Kunya nake ji a ce baƙon nan bai fahimta ba. Mun taso an koya mana kada yaro ya cika tambaya a gaban babba, ni kuma na ɗauki wannan ladabin na kai shi inda ba muhallinsa ba. Alhali mu ne dai masu cewa matambayi ba ya ɓata.

Ranar da abin ya fito fili, mai jefawar ya canza dabara muna tsaye a layin da ake jeruwa kafin a taɓa ƙwallo, ya taɓa hularsa ya kira wata kalma. Kowa ya gane sai ni. Na karya ciki, ya jefa waje, mai tsarona ya ɗauke ƙwallon ya ruga da ita. Bai zage ni ba. Da muka zauna a benci ya tambaye ni ko na ga alamar, na ce na gani, ƙafata ce ta zame. Wannan ƙaryar ta fi kuskuren muni, domin washegari bidiyo ya nuna babu inda na zame. Daga nan ya daina dubana. Ina fita fili fetal, ba kowa kusa da ni, sai in ga ƙwallo ta tafi wurin wani yaro da na fi shi gudu nesa ba kusa ba, amma shi kullum yana inda aka ce ya kasance. Ban ga laifin mai jefawar ba, ko a lokacin.

Kada ku ce don ƙaramar jami'a ce. A gwajin sababbin 'yan wasa na NFL na 2017, John Ross ya yi yadi arba'in cikin daƙiƙa 4.22, abin da ba a taɓa yi ba a gwajin kafin shi. Cincinnati Bengals suka ɗauke shi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL suka yi a shekarar. A kakarsa ta farko ko ƙwallo ɗaya bai cafe ba, raunuka kuma suka yi ta binsa har tauraronsa ya dushe. Jerry Rice kuwa, wanda San Francisco 49ers suka ɗauka a 1985 daga wata ƙaramar jami'a a Misisipi, ba a taɓa lissafa shi cikin mafiya gudu ba, kuma ya zubar da ƙwallaye da dama a shekararsa ta farko. Ya yi kaka ashirin, ya cafe ƙwallo 1,549, ya ci yadi 22,895, har yau babu wanda ya kamo shi. Mahaifinsa birkila ne, yana yaro yakan taya shi aiki, ana jefo masa bulo yana cafewa. Abin da abokan wasansa suka fi ambato game da shi shi ne atisaye: yadda yake maimaita hanya guda har takunsa ya zama ɗaya a kowane karo, ta yadda mai tsaro ba zai iya gane inda zai karya ba.

Sai batun hannu, wanda mu da muka tashi da tamaula muke da matsala ta musamman a kansa. Jikinmu ya saba in abu ya taho ta sama mu tara masa ƙirji. Ƙwallon Amurka tana da tsini, tana zuwa tana juyawa, ga sulken roba a ƙirjinka, in ta buge shi sai ta yi tsalle ta bar ka. Da yatsu ake kama ta, nesa da jiki. In ta zo sama da cibiya, ka haɗa manyan yatsunka biyu da manuniya biyu su bar ƙofa a tsakiya, tsinin ya shiga nan. In ta zo ƙasa, ka juya tafukan sama, ƙananan yatsu su haɗu. Idonka ya bi ta har ta shige hannu, sannan ka duba inda za ka. Yawancin ƙwallayen da na zubar, na riga na fara gudu a zuciyata kafin in kama su. Akwai injin harba ƙwallo a filinmu, yaran da suka fi ni sukan tsaya bayan an tashi su yi ta karɓa, ni kuwa ina ɗakin ɗaga ƙarfe ina ƙara wa ƙafa ƙarfin da ba ta rasa ba.

Wanda na fi so ku duba shi ne Nelson Agholor, don an haife shi a Legas ne a 1993, iyayensa suka koma Amurka yana ɗan shekara biyar, ya girma a Tampa ta jihar Fulorida. Philadelphia Eagles suka ɗauke shi na ashirin a zagayen farko na zaɓen 2015. Shekara biyu abin ya ƙi. A watan Nuwamba na 2016, a wasansu da Seattle Seahawks, ya tsaya ba daidai ba a layi, aka soke ci mai yadi 57 da abokinsa Zach Ertz ya yi, ya kuma zubar da ƙwallo a wasan. Doka ta ce sai mutum bakwai sun tsaya a kan layi, shi ya sa za ku ga mai karɓa yana juyawa ya nuna alƙalin gefe da hannu don ya tabbatar masa tsayuwarsa ta yi. Abu ne na daƙiƙa ɗaya, ya kuskure masa. Abin da ya burge ni shi ne bayan wasan ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa tunani ne ya yi masa yawa, matsalar a kansa take. Koci Doug Pederson ya ajiye shi a wasan da ya biyo baya. A 2017 aka matsar da shi daga gefe zuwa ciki, kusa da layi, inda ake cin duka sosai kuma ba a cika samun dogon gudu ba. Ya karɓa, ya cafe ƙwallo 62 a kakar. A wasan Super Bowl na Fabrairun 2018, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, ya cafe tara, Eagles suka doke New England Patriots da 41 da 33. Zubar da ƙwallo ya sake dawo masa daga baya, magoya baya suka sake taso shi a gaba, ya koma ƙungiyar Raiders a 2020 ya yi kaka mai kyau. Ni an taɓa yi min irin tayin komawa ciki, na ɗauke shi ƙasƙanci, na ɓata rai, aka ba wani.

Ku kuma riƙe lissafi a zuciya. Ƙungiyoyin NFL 32 ne, kowace tana riƙe 'yan wasa 53, masu karɓa a cikinsu biyar ne ko shida. Cikin 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba, wanda ya shiga kuma matsakaicin zamansa shekara uku ne da 'yan watanni. Na yi sakaci da aji saboda fili har makina ya faɗi, da ƙyar na kammala digirin da yau nake ci da shi. In ƙwallo ta buɗe maka ƙofar makaranta, ka shiga ajin da gaske.

Ga wanda yake gida, hanya akwai amma siririya ce. NFL tana da shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje tun 2017, tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora kuma ya jagoranci sansanin gwaji a Ghana a 2022. Sai dai yawancin 'yan Najeriya da suka bi ta nan ƙarti ne na layin gaba, domin girman jiki ana ganinsa nan take, aikin mai karɓa kuwa sai an shekara ana koyonsa. Abin da ya fi kusa da hannunku shi ne nau'in wasan da ba a kayar da mutum, sai dai a fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunsa, wanda za a buga a gasar Olamfik ta Los Anjeles a 2028. Ba ya buƙatar hula ko sulke. Ƙwallo ɗaya, abokin jifa ɗaya da fili sun isa. Ku auna yadi goma sha biyu ku sa alama, ku yi ta karyawa a kanta har abokin ya iya jefowa tun ba ku juyo ba, in kuma ya kira abin da ba ku gane ba, ku tsayar da shi ku tambaya kafin ku ruga.