Kifi nawa akwatin nan zai ɗauka?

Shekara uku na yi ina aiki a wani shagon sayar da kifin ado a Kaduna. Ni ke wanke akwatunan gilashi, ni ke ba da abinci safe da yamma, ni ne kuma ake aikawa gidajen masu saye in haɗa musu akwati. Kusan duk wanda ya shigo, tambayarsa ɗaya ce: "Akwatin nan, kifi nawa zai ɗauka?"

Da farko da lissafi nake amsawa. Akwatin da muka fi sayarwa tsawonsa santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54. In an zuba tsakuwa da duwatsun ado, ga shi ba a cika ruwa har baki, abin da ke ciki bai fi lita 45 ba. Sai in ɗauko tsohuwar ƙa'idar nan ta masu kiwon kifi a Amurka, inci ɗaya na kifi ga galan ɗaya na ruwa, kusan lita 4 ke nan. In raba, in faɗi adadi, mai saye ya biya ya tafi.

Wata Hajiya ce ta raba ni da wannan lissafi. Ta zo da jikokinta, kowane yaro ya nuna abin da ya burge shi: kifin zinariya biyu, anjel biyu, taiga bab huɗu masu zane irin na damisa, ƙananan niyon tetra goma, da fuleko ɗaya mai lasar gilashi. Dukansu 'yan ƙanana ne, na auna da ido na ga ba su wuce ƙa'ida sosai ba. Ran nan na haɗa akwatin, ran nan na zuba su duka. Kwana takwas bayan haka ta kira shago. "Ɗana, zo ka ga kifin nan, kullum da safe sai mun tsamo gawa."

Tare da maigidana muka je. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kifayen da suka rage sun taru a sama suna buɗe baki, jelar anjel ɗin kuwa duk ta yayyage. Maigida bai yi mini faɗa a gabanta ba. Ya dubi akwatin, ya juya ya ce, "Hajiya, awa nawa kuke samun wuta a rana?" Ni ban taɓa yi wa mai saye wannan tambaya ba.

A hanyarmu ta komawa ya warware mini abin da ya faru. Kifi yana fitar da amoniya a cikin ruwan da yake zaune, amoniya kuwa guba ce gare shi. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a cikin soson matatar ruwa: kashi ɗaya ya mayar da amoniya zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, wani kashin ya mayar da ita naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har a canja ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawa, sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ni kuwa na zuba kifi 19 a ruwan da bai kwana ba.

Ko da akwatin ya kafu, haɗin da na yi ba zai zauna lafiya ba. Kifin zinariya ruwa mai sanyi yake so, ga ci, ga yawan kashi, yana kuma iya wuce santimita 20. Taiga bab, 'yan asalin tsibirin Sumatra da kewayensa, in ba su kai garke ba sai su koma cizon duk wani kifi mai doguwar jela. Anjel da niyon tetra duk daga yankin kogin Amazon suka fito, ruwa iri ɗaya suke so, amma anjel in ya girma ya kai santimita 15, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, har da tetra. Fulekon nan da muka sayar bai fi ɗan yatsa ba, irinsa na wuce santimita 30. Zaman doya da manja na haɗa mata a gilashi ɗaya.

Daga nan na daina kallon kifi da girmansa na ranar saye. Ƙa'idar inci da galan ma a nan take karyewa, domin kifin da ya ninka wani a tsawo ya ninka shi kusan sau takwas a nauyi, kashinsa kuma haka yake ƙaruwa. Tetra goma masu inci ɗai-ɗai da babban kifin ado oska guda ɗaya mai inci goma, a takarda daidai suke, a cikin ruwa kuwa ko kusa.

Amma tambayar wutar nan ita ta fi zauna mini a rai. Yawancin abin da ake rubutawa kan yawan kifi, an rubuta shi ne don gidajen da matata da injin iska ke aiki dare da rana. A wajenmu wuta na iya ɗaukewa tun asuba har bayan isha'i. Matata ta tsaya, kumfar iska ta tsaya, ƙwayoyin da ke cikin soso su ma suna buƙatar iskar oksijin, in tsayawar ta yi tsawo sai su fara mutuwa. Ga kuma zafin Maris da Afrilu. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 20 tana riƙe oksijin kamar miligiram 9, a digiri 30 sai ya sauka kusan 7.5, alhali a cikin zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. Akwatin da ya ɗauki kifi goma sha biyar lafiya lau a watan Disamba, zai iya kashe rabinsu a dare ɗaya na bazara. Shi ya sa na koma ƙirga kifi da ranar da ta fi kowace muni a shekara, ranar zafi babu wuta. Shi ya sa kuma nake fifita akwati mai tsawo da faɗi a kan dogo siriri, ko da litarsu ɗaya, tunda ta saman ruwa iska ke shiga.

Masu saye da yawa sukan yi mini gardama da tarwaɗa. "Ai ga maƙwabcina can, ɗaruruwa ya zuba a tankin roba, suna nan garau." Gaskiya ne, sai dai tarwaɗa Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take rayuwa ko a taɓo. Tetra ba ta da wannan. A cikin kifin ado, beta da gurami ne ke da makamanciyar baiwar, don haka sukan fi jure rashin wuta. Beta kam namiji ɗaya tak, in aka haɗa biyu sai ɗaya ya illata ɗaya.

Wani abin da ya ba ni mamaki da farko shi ne cewa wani lokaci ƙarin kifi ne magani. Tetra da bab da kori, ɗan kifin da ke kiwo a ƙasan akwati, duk kifayen garke ne, in ba su kai shida ba sai tsoro ya kama su, su ɓuya, launinsu ya dushe. Mai saye yana son ɗaya-ɗaya daga iri goma, ni kuwa na fi so ya ɗauki iri biyu, kowanne da garkensa, wasu a tsakiyar ruwa, wasu a ƙasa. Gupi kuma sai an yi hattara da su, domin haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kusan duk wata, kuma mace ɗaya na iya zubo 'ya'ya ashirin ko fiye. Wanda ba shi da inda zai kai su, maza zalla nake ba shi.

Akwai wani kifi da nake jin daɗin nuna wa mutane, kiribensis, mai jan ciki. A kogunan kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru asalinsa yake, ana kiwonsa a ƙasashe da dama, amma yawancin masu shigowa shagonmu sun ɗauka daga waje aka kawo shi. Yana zama lafiya da kowa har ranar da ya yi ƙwai a cikin ɗan kogonsa. Daga ranar nan duk wanda ya gitta sai ya kore shi, a ƙaramin akwati kuwa babu wajen gudu.

Hajiya dai mun karɓi kifin zinariyar da fulekon da bab ɗin muka mayar shago, anjel ɗin muka ware su har jelarsu ta warke. Muka sa mata tsohon soso daga matatar shago don ƙwayoyin su kama da wuri, muka haɗa da ɗan injin iska mai batir. Gupi maza uku muka fara sawa, bayan mako biyu muka ƙara uku, sai da wata ya zagayo sannan ƙananan kori shida suka shiga. Na nuna wa babban jikanta yadda zai riƙa kwashe kwatan ruwan duk Asabar, ya mayar da wanda aka cire wa sinadarin kulorin. Da bazara ta zo na leƙa gidan, wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, ɗan injin yana ta kumfa a kusurwa, na ƙirga su sha biyu cif.